Garken Tumaki Shi Ne Makarantar Farko Ta Shugabanci

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Kowace ranar Alhamis garin Maigatari, wanda ke bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, yakan cika ya batse. Ana koro shanu da raƙuma da tumaki daga ƙasar Damagaram, a yi ciniki, a loda su a manyan motoci zuwa Kano da biranen Kudu. Mutanen Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar duk nan suke cin kasuwa. Riba ce ke kawo kowa, amma ga mai hankali akwai karatun da ya fi riba a wannan fili, watau karatun shugabanci, abin da samari da yawa ke ɗokinsa a yau ba tare da sun san inda ake fara shi ba.

Imamu Buhari ya ruwaito hadisin da ke nuna dukkan Annabawa sun yi kiwon tumaki, har shi kansa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa mutanen Makka kiwo a kan ɗan lada kaɗan. Annabi Musa kuwa ya ɗauki alkawarin aikin shekara takwas ko goma a Madyana kafin a aike shi zuwa ga Fir'auna. Malamai, cikinsu har da Ibnu Hajar mai sharhin Buhari, sun bayyana hikimar wannan. Tunkiya dabba ce mai rauni, mai saurin watsewa. Wanda ya saba tattaro ta in ta watse, ya nema mata makiyaya da mashaya, ya tsare ta daga kura da ɓarawo, ya jira gurguwa har ta iso, to ya sami horon da zai iya jure wa mutane. Babban darasin kuma shi ne, garken na wani ne. Da yamma mai dukiya zai ƙirga, makiyayi kuma zai ba da bayani.

Alƙur'ani mai girma ya nuna sharaɗi biyu na riƙon aiki. A Suratul Ƙasasi, aya ta 26, ɗiyar dattijon Madyana ta shawarci mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa aiki saboda ƙarfinsa da amanarsa. A Suratu Yusuf, aya ta 55, Annabi Yusufu ya nemi a ɗora shi a kan rumbunan Masar saboda yana da tsaro, yana da sani. Ke nan iyawa da amana tare suke tafiya. Mai iyawa maras amana zai cinye garken, mai amana maras iyawa zai bar shi ya ɓace a daji. Shi ya sa da Abu Zarri, Allah Ya yarda da shi, ya nemi a ba shi muƙami, Manzon Allah ya hana shi duk da tsoron Allahnsa, ya nuna masa yana da rauni, kuma muƙami amana ne da kan zama nadama ranar Alƙiyama. Imamu Muslimu ne ya ruwaito.

A kasuwar Maigatari ana jarraba waɗannan halaye kowane mako. Yaron da aka ba igiyar rago ya riƙe, ɗan aiken da aka damƙa wa kuɗin sa, dillalin da ya san aibin raƙumi ya faɗa wa mai saye ko da la'adarsa za ta tafi, shugaban 'yan tike da ke raba gardama tsakanin ɗan gari da baƙo, duk suna kan matakan makaranta guda. Jarrabawar ta yi tsanani a shekarar 2023, lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar a watan Yuli, har sai watan Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. A irin wannan yanayi, wanda ke riƙe da dukiyar abokin ciniki na tsallaken iyaka yana da uzurin da zai fake da shi in ya so. Wanda ya adana ta har ya mayar wa mai ita, ya riga ya nuna irin shugaban da zai zama.

Magabata ma sun ɗauki shugabanci abin koyo ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkami a Kano domin masu riƙe da al'amuran jama'a su san hukuncin aikinsu. Muhammadu Bello ya rubuta Usulus Siyasa domin Sarkin Katsina Umaru Dallaji, inda ya yi masa gargaɗi da nisantar kwaɗayin mulki, da sassauci ga talakawa, da zama tare da malamai, da kula da sana'o'i da kasuwanni. Ko da yake masarautar Gumel ba ta shiga daular Sakkwato ba, nasihar ba ta da iyakar ƙasa.

Saboda haka saurayin da ke son ya zama kansila ko shugaban ƙungiya, wajibi ne ya fara da garken da ke hannunsa. Ya yi kiwon kansa tukuna, ya tsare salla a kan lokacinta, ya kame harshensa da fushinsa. Ya nemi ilimin abin da yake son jagoranta, domin jahili ba ya gyara sai ɓarna. Ya zauna ƙarƙashin dattijo ya koyi shawara da sauraro. Ya saba da ba da lissafin kowace naira da aka damƙa masa tun ba a tambaye shi ba. Iyaye da malamai kuma haƙƙinsu ne su riƙa ɗora wa yara ƙananan amanoni suna bibiya, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Su kuma jama'a, in lokacin zaɓe ya zo, su binciki yadda mutum ya riƙe igiyar rago kafin su damƙa masa gari.

Allah Ya ba al'umma shugabanni masu iyawa da amana, Ya shiryi samarinta, Ya sa albarka a kasuwanninta, amin.