Shin Zamfarawa Sun Yi Kuskure da Suka Sauki Baƙi?

A ƙarni na 18 Gobirawa suka gangaro daga arewa suna neman wurin zama, Sarkin Zamfara ya ba su masauki. Filin da suka sauka gonakin alƙalin Zamfara ne, shi ya sa garin da ya tashi a wurin ya ci sunan Alkalawa. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, amma wannan raɓar ba ta bushe ba. Wajen shekarar 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi. Gidan sarautar Zamfara da ya faro daga Dutsi, cikin ƙasar Zurmi ta yau, ya dinga ƙaura, ya zauna Kiyawa kusa da Kaura Namoda, daga baya ya tsaya a Anka.

To, alherin nan kuskure ne?

Tambayar ba ta tsufa ba. Yau ɗin nan, idan 'yan bindiga suka tashi wani ƙauye a Zurmi ko Shinkafi, mata kan iso gari da goyo a baya, tabarma da tukunya a ka. Mai gida ya tsaya a bakin zaure yana tausayi, yana kuma tsoron kada cikin masu isowa a samu mai kai wa ɓarayin daji rahoto. Tsoron nan ba na banza ba ne, kuma bai kamata a raina shi ba.

Sai dai auna alheri da abin da ya biyo bayansa zalunci ne ga mai alherin. Musulunci ya ɗaura karrama baƙo da imani, ya kuma auna aiki da niyya. Mutanen Madina ba su nemi tabbacin gobe ba kafin su raba gidajensu da Muhajirai. Laifin cin amana yana wuyan wanda ya ci ta. Abin da za a iya tuhumar sarakunan Zamfara da shi shi ne sakaci: sun ga baƙo yana tara dawaki da mayaƙa, ba su farga ba.

Ita ma Alkalawa ba ta yi nisan kwana ba. A 1808 rundunar Muhammadu Bello ta ci ta, Sarkin Gobir Yunfa ya rasu a yaƙin, kuma Namoda, wanda Kaura ke ɗauke da sunansa, yana cikin waɗanda suka ja dakaru a ranar.