Hakkin Allah A Cikin Damin Hatsi

 

Ya 'yan'uwana Musulmi, tun da yake kaka ta kama, gero ya shiga rumbu, dawa kuma tana jiran magirbi, ya kamata a wannan mako mu yi wa junanmu tuni game da hakkin da ke cikin abin da muka noma. Yawancin mutanen ƙasarmu, daga Sakkwato har Barno, daga Zazzau har Damagaram, manoman damina ne, watau ba su da wani ban-ruwa sai abin da ya sauko daga sama. Wannan kuwa yana da hukunci na musamman a cikin Shari'a, wanda da yawa daga cikinmu sun san sunansa, amma ba su san tafsilinsa ba.

Da farko dai, noma sana'a ce mai daraja a Musulunci. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslimu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa duk Musulmin da ya yi shuka ko dashe albishir da ladan sadaka a kan abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga ciki. Ke nan Malam Manomi yana samun lada ko a kan abin da jan-baki ya tsattsage masa a kan gero, muddin ya yi haƙuri, kuma niyyarsa ta neman halali ce. Saboda haka kada saurayi ya ɗauka riƙon fartanya ƙasƙanci ne, har ya bar gandun ubansa ya tafi birni yana zaman kashe wando. Hausawa sun ce noma na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya shi ya tarar.

Amma fa mu dubi aikin da idon basira. Manomi ya yi sharar gona tun da bazara, ya kai taki, ya tanadi iri. Wani ma ya yi binne tun ƙasa tana busasshiya, yana sa ran ruwan farko. Ruwa ya sauka, ya yi shuka, ya yi noman firi, ya yi maimai, ya yi huɗa, ya tuge ƙuduji kafin ya shanye masa dawa. Duk wannan aikinsa ne, kuma wajibi ne ya yi shi da kyau, domin tawakkali ba ya hana riƙon sababi. To, amma bayan ya rufe ƙwaya da ƙasa ya koma gida ya kwanta, wa ya tsaga ta? Wa ya kora gajimare ya tsayar da shi a kan gonarsa? A cikin Suratul Waƙi'a Allah ya tambayi bayinsa ko su ne suke tsirar da abin da suke shukawa, sa'an nan Ya tuna musu cewa da Ya ga dama da Ya mayar da shi busasshen karmami. Gero yakan nuna a cikin kwana 90 ko kusa da haka, dawa kuwa sai ta kai bayan ɗaukewar ruwa. A duk tsawon wannan lokaci, in ruwa ya ɗauke na 'yan makonni a daidai sa'ad da hatsi yake fid da kai, to, wahalar shekara ta tafi a banza, kome ƙarfin mai gona.

Wannan ne ya sa ya kamata mu kiyaye harsunanmu. Manomanmu suna lissafin damina da taurari, kuma babu laifi a riƙi tauraro a matsayin alamar lokaci, kamar yadda ake riƙon wata don sanin kwanaki. Abin da Manzon Allah ya tsoratar a kansa shi ne mutum ya jingina saukar ruwa ga tauraron kansa. Haka kuma yanka da ake yi a bakin gona ko a gindin wata itaciya don neman yardar iskoki, ba ya halatta ko kaɗan. In ruwa ya yi jinkiri, Shari'a ta koya mana abin yi, watau tuba, da mayar da kayan zalunci, da sadaka, da fita sallar roƙon ruwa.

To, tun da ruwan kyauta ne daga Allah, sai Ya sanya hakkin talaka a cikin abin da ruwan ya haifar. A cikin Suratul An'ami, aya ta 141, an umurce mu da bayar da hakkin amfanin gona a lokacin girbinsa. Hadisin Abdullahi ɗan Umar, wanda Buhari ya ruwaito, shi ya bayyana adadin. Abin da ruwan sama ko idon ruwa ya shayar, ana fitar da ɗaya bisa goma, wanda ake kira ushira. Abin da aka shayar da wahala kuwa, kamar mai ɗebo ruwa da jigo a fadama, ko mai sayen man inji don noman rani, ana fitar da ɗaya bisa ashirin. Ka ga adalcin Shari'a a nan. Wanda ya sha wahalar ban-ruwa an rage masa rabi, wanda aka kawo masa ruwa har gona yana barci kuwa, hakkin da ke kansa ya ninka. Manomin damina da ya samu buhu 20 na gero zai fitar da buhu 2, wanda ya samu 50 zai fitar da 5.

Zakka ba ta wajaba sai hatsi ya kai nisabi. Nisabin kuwa ausuƙi 5 ne, kowane wusƙi sa'i 60 ne, ke nan sa'i 300. Kowane sa'i mudun Annabi 4 ne, jimla mudu 1,200. Malaman wannan zamani sun ƙiyasta shi da kimanin kilo 650, watau wajen buhu 6 da rabi na mai kilo 100, ko da yake nauyin yakan bambanta gwargwadon irin hatsin, domin asalin hukuncin a kan awo yake. Ana yin wannan lissafi ne da tsabar hatsi bayan an sussuke an sheƙe. Al'adar da muka gada ta ware dami ɗaya a cikin kowane dami goma tana da kyau, da sharaɗin dammunan su kasance daidai wa daida. Wanda ya ɗaura wa kansa manya ya ɗaura wa zakka ƙanana, kansa ya cuta.

Akwai mas'aloli da ake yawan tambaya a kansu, bari mu kawo su bisa mazhabar Imamu Maliku, wadda ita ce ake bi a ƙasarmu.

Ta farko, shin ana haɗa gero da dawa don a cika nisabi? Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya bayyana a cikin Risala cewa shinkafa da gero da dawa kowanne jinsi ne mai zaman kansa, ba a haɗa shi da ɗan'uwansa. Saboda haka wanda ya samu buhu 4 na gero da buhu 4 na dawa, zakka ba ta wajaba a kansa ba, sai dai ya yi sadaka gwargwadon hali. Amma wanda yake da gonakin gero biyu ko uku, ko da a garuruwa dabam dabam suke, sai ya haɗa abin da ya samu duka.

Ta biyu, shin ana cire kuɗin taki da na 'yan ƙwadago kafin a fitar da zakka? A mazhabarmu ba a cirewa, kuma bashi ba ya kayar da zakkar amfanin gona. Har ma abin da aka biya masu girbi da shi daga cikin hatsin, da abin da aka yi kyauta da shi bayan ƙwaya ta nuna, ana sa shi cikin lissafi.

Ta uku, wanda ya yi noma a gonar haya ko ta aro, zakka tana kan mai hatsin ne, watau shi wanda ya shuka. Kuma ba a jiran shekara ta zagayo kamar zakkar kuɗi ko ta shanu. Da zarar an gyara hatsi sai a fitar.

Ta huɗu, wa ake ba? Allah ya ƙidaya mutane iri 8 a cikin Suratut Tauba, aya ta 60, na farkonsu matalauta da miskinai. Ba ya halatta mutum ya ba wanda ciyar da shi yake wajibi a kansa, kamar matarsa da ƙananan 'ya'yansa. Ba ya halatta ya mayar da ita ladan wanda ya yi masa aiki, ko ya kai wa wani mai hali don neman fada. Ana raba ta a garin da aka noma ta, sai fa in akwai waɗanda suka fi bukata a wani wuri. Kuma an hana mu a cikin Suratul Baƙara mu zaɓi mummuna mu bayar, irin wanda mu kanmu ba mu karɓa sai mun kau da kai. A inda hukuma ko masarauta ta kafa masu tattara zakka, kamar Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano, mai gona yana iya kai musu, su isar da ita ga masu ita.

Ya 'yan'uwa, a ji tsoron rowa a wannan wuri. Allah ya ba mu labarin masu wata gona a cikin Suratul Ƙalami. Sun yi shawara su yi sammako su girbe amfaninsu tun kafin miskinai su farka. Suna barci aka aiko wa gonar da bala'i, da suka isa sai suka zaci ɓatan hanya suka yi. Laifinsu kuwa niyyar hana talaka rabonsa. Mai hankali ya auna wannan da halin wanda yake kore matan da suka zo kala a gonarsa, alhali zangarniyar da suke tsinta da ƙasa za ta cinye.

Bayan hakkin Allah sai hakkin iyali. Da yawa daga cikinmu, da zarar kaka ta yi, sai a buɗe rumbu a kai kasuwa a lokacin da hatsi ya fi araha, don ƙara aure ko bikin nuna isa. In damina ta yi tsakiya, rumbu ya ƙare, sai mai gida ya koma yana sayen abin da ya sayar da tsada, ko ya bar gonarsa ciyawa tana ci ya tafi ƙwadago a gonar wani. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya shawarci mutanen Masar su bar abin da suka girbe na shekara 7 a cikin zangarniyarsa, ban da kaɗan da za su ci, don shekarun fari da ke tafe. Irin wannan dabara ce kakanninmu suka riƙe, suna jera dammunan gero a rumbu ba tare da sussuka ba, ya shekara biyu ko uku bai lalace ba. Sun koyi haka ne da wahala. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta hallaka mutane masu yawa a ƙasar Hausa. Dattawan da ke raye kuma suna tune da farin 1972 zuwa 1974 da na 1984, sa'ad da dabbobi suka mutu, mutane suka yi ƙaura. A 2022 kuwa ambaliya ce ta cinye gonaki masu yawa a Jigawa da wasu jihohi. Mai noman damina ba ya da tabbacin baɗi, saboda haka tanadi wajibin hankali ne a gare shi.

Sai dai a bambance tanadi da ɓoyon abinci. Wanda ya ajiye abin da ya noma don ci da iyalinsa da iri, bai yi laifi ba. Amma attajirin da ya bi kasuwannin ƙauye ya saye hatsi ya kulle, jama'a suna cikin matsi, yana jiran farashi ya hau, shi ne wanda hadisin Muslimu ya kira mai saɓo. Haka nan wanda ya ba talaka tiya ɗaya da damina a kan ya biya biyu da kaka, riba ce tsantsa, ko da an canza mata suna. Shari'a ta buɗe ƙofar halali, watau rance mai kyau da za a biya daidai da abin da aka karɓa, ko cinikin salami, inda ake ba manomi kuɗi a hannu a kan awo sananne, da siffa sananniya, zuwa lokaci sananne. An kuma hana sayar da amfanin wata gona tun yana tsaye kafin nunarsa ta bayyana, domin babu wanda ya san abin da zai same shi.

Kada kuma mu manta da 'yan'uwanmu waɗanda rashin zaman lafiya ya raba da gonakinsu, suka wayi gari suna zaman gudun hijira a garuruwanmu. Jiya su ne masu fitar da zakka, yau sun zama masu karɓa, kuma da yawansu kunya ba ta barin su roƙa. Ya kamata limamai da masu unguwanni su neme su, su sanar da masu rumbuna inda suke.

Saboda haka, ya kai Malam Manomi, kafin ka liƙe bakin rumbunka a bana, ka auna abin da ka samu, ka ware ɗaya bisa goma da niyya, ka miƙa wa mai shi da sakin fuska ba tare da gori ba. Sa'an nan ka ware na iyali da na iri, abin da ya saura ka kai kasuwa da mudu na gaskiya. Allah ya yi alkawarin ninka ladan mai ciyarwa, har Ya buga misali da ƙwaya guda mai fitar da zangarniya 7, kuma babu wanda ya fi manomi sanin ma'anar wannan misali.

Allah ya sanya albarka a cikin abin da muka girbe, Ya tsare mu daga fari da fara da ambaliya, Ya mayar da waɗanda aka kora gidajensu lafiya, Ya ba mu ikon bayar da hakkinsa.