Tsakanin Gaskiya da Sutura

A garin Kazaure akwai asibitin masu taɓin hankali na Jihar Jigawa. Mutanen Roni da Gwiwa da Babura sun san hanyarsa, gama ba gidan da ya fi ƙarfin wannan ciwo. Akan kai mutum can ba ya gane ko mahaifiyarsa, bayan 'yan watanni ya komo gida garau, ya koma gonarsa ko rumfarsa ta kasuwa. Amma sau da yawa ciwo yakan tafi ya bar suna, sunan kuwa ya fi ciwon daɗewa.

A ɗauka ga wani mutum da aka haifa a ƙasar Magariya ta Jamhuriyar Nijar, iyayensa da kakanninsa duk mutanen can. Ya ƙetaro iyaka tun yana saurayi, ya zauna a Babura yana fataucin riɗi, ya yi aure, ya haifu. A cikin shekarunsa na farko ciwo ya buge shi, aka kwantar da shi a Kazaure, ya warke. Yau bayan shekara 20 yana so ya zama ɗan Nijeriya a takarda, kamar yadda ya daɗe da zama a zuciya. To, ya faɗi labarin kwanciyar nan tasa, ko ya bar ta a cikinsa?

Ya kamata a fara duba abin da doka ta nema. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 27, ya jera sharuɗɗan baƙo mai neman zama ɗan ƙasa. A cikinsu akwai cewa ya kasance baligi mai cikakken hankali, mai halin kirki, wanda ya zauna a ƙasar shekara 15, wanda kuma Gwamnan jiharsa ya ga jama'ar wurin sun karɓe shi. Sa'an nan ya yi rantsuwar biyayya. Ba inda sashen ya ambaci kwanciya a asibiti. Watau hankalin mutum na yau ake tambaya, domin rantsuwa ba ta ɗauruwa sai a kan wanda ya san abin da bakinsa ke faɗi.

Waɗansu ƙasashe sun fi haka tonawa. A Amurka, dokar shige da fice ta 1882 ta hana masu taɓin hankali sauka daga jirgi sam. Daga baya kuma takardar neman zama ɗan ƙasa ta yi shekaru tana tambayar mai nema ko an taɓa tsare shi a asibitin masu wannan ciwo. Amsa gaskiya ita kaɗai ba ta rufe masa ƙofa, amma ƙaryar ganganci a kan muhimmin abu tana iya sa a ƙwace takardar ko bayan an ba da ita. Bahaushen da ya je can ci-rani ya tarad da irin wannan tambaya, ya shiga damuwar da ta sami mutumin Babura.

Masu cewa a ɓoye suna da hujja mai nauyi. Sun ce ciwo ba laifi ba ne. Wanda ya yi zazzaɓi ya warke, ba a tambayarsa bayan shekara 20. Sun ce kuma addini ya yi umurni da sutura, ciki kuwa ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Har wa yau sun san halin mutane: da zarar magana ta fita daga bakin mai ita, sai ta zaga unguwa, a daina ba shi bashi a kasuwa, masu neman 'yarsa su janye a hankali. Wanda ya ga an yi wa wani haka, ba za a zarge shi da wauta ba in ya kama bakinsa.

Masu cewa a faɗa su ma ba su rasa abin riƙo ba. Zama ɗan ƙasa alkawari ne tsakanin mutum da al'umma, alkawarin da aka aza tubalinsa a kan ƙarya kuwa ba ya da ƙwari. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ya rantse a kan abin da ya san ba haka yake ba, zai zauna da takarda a aljihu da tsoro a zuciya, kullum yana jiran ranar da wani tsohon maƙwabci zai buɗe baki. Ga mutumin da ya taɓa ɗanɗana ciwon hankali, irin wannan zaman ɗar-ɗar ba alheri ba ne ga lafiyarsa.

Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar Hausa, sun daɗe da warware makamancin wannan ƙulli a babin aure. Sun lissafa hauka a cikin aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin warware aure in an ɓoye musu, tare da kuturta da albaras. Amma a Muhtasar na Halilu an ba mai ciwon jinkirin shekara guda don ya nemi magani, in ya warke aure ya zauna. Haka kuma wanda hankalinsa ya komo, cinikinsa ya inganta, sallarsa ta hau kansa kamar ta kowa. Abin lura a nan shi ne, shari'a ta rataya hukunci a kan ciwon da ke nan, wanda zai cuci wani. Da ciwo ya gushe, hukuncinsa ya bi shi.

Daga nan hanya ta fito sarari. Akwai bambanci tsakanin shiru da ƙarya. Mutumin Babura, in ba a tambaye shi ba, ba wajibi ne a kansa ya kwance fatarin rayuwarsa a gaban ma'aikaci ba, tun da dai yau lafiyarsa ƙalau, shirunsa kuma ba ya cutar kowa. Wannan sutura ce halattacciya. Amma in hukuma ta tambaye shi kai tsaye, bisa rantsuwa, to ba shi da damar musu. Sai ya faɗa, ya kawo takardar likita mai shaidar warkewarsa, ya tsaya a kan shekarun da ya yi yana riƙe da gida da sana'a. Shekarun nan su ne manyan shaidunsa.

Sai dai nauyin bai tsaya a kan mai amsa kaɗai ba. Mai tambaya shi ma yana da nasa kason, watakila ma mafi girma. Hukumar da ta nemi gaskiya sa'an nan ta hori wanda ya faɗe ta, ita ce ke koya wa mutane ƙarya. Abin da ya fi muni, tana koya musu gudun asibiti. In an gane cewa kwanciya a Kazaure tabo ne da zai bi mutum har ofis, iyalai za su gwammace su ɗaure ɗansu a ɗaki da mari, don ɗaki ba ya ajiye rajista. Ta haka mai neman magani ya zama abin tuhuma, wanda aka ɓoye kuwa ya lalace a duhu.

Nijeriya ta fara gane wannan. Tun 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abekuta, cewa masu wannan ciwo suna samun sauƙi in an zaunar da su a gidajen ƙauye tare da danginsu. Duk da haka tsohuwar dokar 1958, wadda ta fi kula da tsarewa bisa ga warkarwa, ta ci gaba da aiki har Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Sabuwar ta kare sirrin mara lafiya, ta kuma hana a nuna masa bambanci. Amma doka a Abuja take, ma'aikaci da mai unguwa da maƙwabci su ne ke kusa da mai nema.

Saboda haka haƙƙi biyu ne ke fuskantar juna a kan teburin nan. A kan mai nema, kada ya yi ƙarya in an tambaye shi. A kan al'umma, kada ta tambayi abin da ba ta da bukatarsa, in kuwa ta ji, ta riƙe amana, ta auna mutum da halinsa na yau. Ranar da mutumin Babura zai iya cewa ya taɓa kwanciya a Kazaure, ma'aikaci ya yi masa barka da samun sauƙi ya wuce zuwa tambaya ta gaba, ran nan ne asibitin ya gama aikinsa a kansa.