Jikin Muridi da Ladabin Dawwama

 

Sau da yawa ɗan'uwa kan ɗaura niyyar motsa jiki, ya yi sati biyu yana gudu har numfashi ya ƙare, daga nan takalman su koma ƙarƙashin gado. Abin mamaki, shi wannan ɗan'uwa ya shekara goma bai bar lazimi ba, safe da yamma. Me ya riƙe shi a can? Lokaci sananne da adadi sananne: istigfari 100, salati 100, hailala 100. Ba ƙari ranar nishaɗi, ba ragi ranar kasala.

Jiki ma tarbiyyarsa ke nan. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa Allah Ya fi son aikin da aka lizimta, komai ƙanƙantarsa. Likitoci na neman minti 150 a mako, wato minti 30 kwana biyar. Tafiya da sauri ta wadatar, bayan lazimin safe, kafin ranar Zinder ko Tahoua ta buɗe. Wani kuma ya bar kabu-kabu, ya taka zuwa zawiya tare da abokin wazifa, domin kunyar mai jira a ƙofa ta fi kowace niyya tayar da mutum.

Sai dai motsa jiki ba wuridi ba ne, babu ramuwa a cikinsa. Wanda ya fasa Talata ya fita Laraba kawai, kada ya ninka ya ji wa gwiwa ciwo. Gwiwar nan ce za ta yi masa sujada a tsufa, kuma ita za ta taka kusan kilomita uku tsakanin Safa da Marwa, in Allah Ya kira shi.