KADA MU CI IYAKAR MAƘWABCI

Da zarar ruwan shuka ya sauka a ƙasar Funtua da Malumfashi, sai ƙararrakin gona su cika ƙofar mai unguwa da ta dagaci. Wani ya tura garma ya ci kunya biyu na maƙwabcinsa. Wani ya tumɓuke gamba da ke kan iyaka. Abin baƙin ciki, wani lokaci mai ƙara da wanda a ke ƙara duka masu bi ne, benci ɗaya su ke zama ran Lahadi.

Littafin Firistoci sura 25 ya koya mana ƙasa ta Allah ce, mu kuwa baƙi ne a cikinta. Amma Allah ɗin nan shi ya ba kowane gida rabonsa, ya kuma la'anta mai kawar da shaidar iyaka (Kubawar Shari'a 27:17). Sarki Ahab da dukan ikonsa ba shi da halin ƙwace garkar Nabot. Sa'anda ya same ta ta hanyar shaidun zur da jini, Annabi Iliya ya tarye shi a cikinta da hukunci. Bitrus ma ya tuna wa Hananiya cewa filin nasa ne kafin ya sayar, kuɗin kuma na hannunsa ne. Ƙarya ce ta kashe shi.

Akwai hikima cikin wannan. Manomin da ya tabbata gonar za ta kai ga 'ya'yansa, shi ne ya kan kai taki da rani, ya tare zaizaya, ya dasa mangwaro. Mai gonar aro ba ya yin haka, gama bai san ko zai kai baɗi a cikinta ba. Audugar da ta sa sunan Funtua ya kai nesa, da masarar da ke cika kasuwanninmu, sun fito daga hannun mutanen da su ka san za su girbe abin da su ka shuka. Inda 'yan bindiga su ka kori manoma, mun ga gonaki sun koma saura, hatsi kuma ya yi tsada ga kowa.

Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen jiha a hannun Gwamna bisa amana, ƙaramar hukuma kuwa ta na ba da izinin riƙon gonakin ƙauye. Domin wannan, in za mu yi saye, ko jingina, ko aro, ko rabon gandu, mu kira shaidu, a taka iyaka, a rubuta takarda. Magana zarar bunu ce, masu jinta kuma su na mutuwa.

Amma mu tuna mai gona wakili ne. In mai jingina ya kawo kuɗi, a mayar masa da gonarsa ba ja-in-ja. Kada ƙanen mamaci ya haɗiye gonar gwauruwa da marayu. Mu bar kala domin matalauta, kamar yadda Bo'aza ya bar wa Rut.

Dattawan ekklesiya, ku sasanta 'yan'uwa tun maganar ba ta kai gaban alƙali ba. Wanda kuwa ya san akwai kunyar wani cikin gonarsa, bari ya mayar kafin shukar bana. Ubangiji ya ba mu zuciya mai wadar zuci. Amin.