Rumbun Karatun 'Ya'ya

 Ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata tsayuwa da muka fara sabawa da ita a masallatanmu. Liman na yin sallama sai ka ga dattijo ya miƙe da takarda a hannu, murya na rawa: yaronsa ya sami gurbi a jami'a, ranar Juma'a za a rufe rajista, a taimaka domin Allah. Mu taimaka masa, hakkinsa ne a kanmu. Amma bari in faɗi abin da ake jin nauyin faɗa: yaron nan ba daren jiya aka haife shi ba. Shekara goma sha takwas yana tafe, kowace shekara yana ƙara aji, muna kallo.

Kuɗin kuwa ba inda muka bar shi yake ba. A 2021 Jami'ar Jihar Kaduna ta ɗaga kuɗinta daga ƙasa da naira 30,000 zuwa 150,000, kuma ko da sabon gwamna ya rage a 2023, a 105,000 ya tsaya. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, jami'o'in tarayya irin su Bayero ta Kano da ta Legas su ma suka yi ƙari mai nauyi. Hukuma na cewa ba a biyan kuɗin koyarwa a jami'ar tarayya, wai na rajista da hidimomi ne kawai. To, ko wane suna aka raɗa masa, daga aljihun uba yake fita, ga kuma ɗakin kwana, abinci, kuɗin mota da kwamfuta.

Na san amsar da wasunmu ke bayarwa: bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Gaskiya ne, babu Musulmin da zai yi jayayya. Sai dai wa ya fi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dogaro ga Ubangiji? Ya tabbata a Bukhari cewa yakan tanadar wa iyalinsa abincin shekara guda. Da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo ya so ya yi wasiyya da mafi yawan dukiyarsa, Annabi ya tsayar da shi a kan sulusi, ya nuna masa cewa barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna miƙa wa mutane hannu. Mai tanadi bai munana wa Allah zato ba. Sababi ya riƙa, zuciyarsa kuma tana wurin Mai bayarwa.

Ku tsaya da ni a kan ƙissar Annabi Yusufa, domin a nan darasin ya fi yawa. Kowa ya san shekaru bakwai na yalwa da bakwai na fari. Abin da muke tsallakewa shi ne bai ce a tara hatsi kawai ba, ya faɗi yadda za a ajiye shi, wato ba tare da an sussuke ba, sai ɗan abin da za a ci. Kowane manomi ya san damin gero a rumbu ya fi tsaba a buhu jure ƙwari. Ƙwaron ajiyarmu a yau shi ne faɗuwar darajar naira. A watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a ƙididdigar hukuma. Dalar da take wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Wanda ya cusa takardun kuɗi a asusu ya ce sai yaro ya gama sakandare, ranar da zai fasa zai tarar da adadinsu cif, amfaninsu kuwa ya zube.

Saboda haka a sa ajiyar a cikin abin da yake motsi tare da kasuwa. Tunkiyar da aka saya wa yaro yana aji ɗaya na ƙaramar sakandare, in Allah ya tsare ta daga cuta da ɓarawo, ita da 'ya'yanta sa biya rajistar shekarar farko. Akwai ɗan maraƙi na kiwo, akwai zinari, akwai fegi ga mai hali. Ma'aikacin da ba shi da wurin turke yana da sukuk na gwamnatin tarayya da aka fara fitarwa a 2017, da bankunan da ba sa mu'amala da riba irin su Jaiz da Taj. Adashi ma hanya ce, muddin ranar kwasa kuɗin ya tafi inda aka nufa. Ku nisanci riba, ku kuma nisanci masu cewa kawo dubu ɗari ka karɓi dubu ɗari biyu a wata. Waɗanda MMM ya cinye a 2016 har yanzu suna cikinmu.

Iyaye mata, ku ne malamanmu a wannan fanni, ko da ba ku sani ba. Tun yarinya na goye uwa ke fara sayen kwano da tukunya da zannuwa tana turawa ƙarƙashin gado, daga ribar ƙuli-ƙuli da kitso, har shekara goma sha biyar ba ta gajiya. Ranar jere a ga abin mamaki. Ba na cewa a kai amarya ɗaki fayau. Ina tambaya ne: wannan haƙurin, me ya hana a raba shi biyu, rabi ga gado da kujeru, rabi ga makarantar ungozoma ko kwalejin ilimi? Mu da muke kukan babu likita mace da za ta duba matanmu, 'yar wa muke jira a karantar? Maza kuma mu duba abin da ke tafiya a anko da liƙi da dina ta dare ɗaya.

Wani zai ce ai gwamnati ta kawo bashin ɗalibai na NELFUND tun 2024, babu ruwa a kansa. Alhamdu lillahi, wanda ya matsu ya nema, ba abin kunya ba ne. Amma sunansa bashi, kuma yaron ne zai fara biya bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa.

Sauran hakkoki biyu. Idan ajiyar ta kai nisabi ta shekara, zakka ta hau kanta, ɗaya cikin arba'in in kuɗi ne ko zinari, kuma sunan karatu ba ya ɗauke ta. Sannan mai mata fiye da ɗaya ya ji tsoron Allah. Annabi ya ƙi zama shaida a kan kyautar da Bashir ya keɓe wa ɗansa Nu'umanu ban da sauran 'ya'yan. In ka ɗaure wa ɗan amarya tunkiya, ɗan uwargida ma yana leƙen turken.