Adireshin da Alhaji ya toshe

A kasuwar Dawanau ta Kano akwai wani Alhaji dillalin riɗi da zoɓo. Yana da ƙani, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda neman abinci ya kai shi Sudan, ya yi aure ya zauna a Wad Madani, yana sayen riɗi daga manoman yankin Gadarif. Shekara da shekaru suna hulɗa, wannan ya faɗa wa wancan farashi, wancan ya haɗa wannan da mai saye. Takardun ciniki duk ta imel suke wucewa.

A 2021 wani ciniki ya ɓaci a tsakaninsu. Kuɗi suka maƙale, ƙanin ya rubuto saƙo mai zafi, ya faɗi maganar da ba a faɗa wa babban wa. Alhaji yana zaune a kan buhu ya karanta, ransa ya ɓaci, ya miƙa wa yaron shagonsa waya ya ce, "Yi masa bulokin, kada in ƙara ganin sunansa." Yaro ya taɓa ɗigo ukun nan da ke saman saƙon, ya danna, aikin bai kai numfashi biyu ba.

Fushin Alhaji irin na masu saurin hawa da saurin sauka ne. Kafin azumin shekarar ya wuce ya huce, har ya manta da abin da ya sa yaro ya yi. Abin da ya rage masa jiran gaisuwa ne, don a ganinsa ƙarami ne ya kamata ya fara. Gaisuwa ba ta zo ba. Ya riƙa cewa a ransa, "Yaron nan girman kai ya kama shi."

Ga abin da Alhaji bai sani ba, kuma da yawa daga cikinmu ba mu sani ba. A Gmail, wanda ka toshe ba a sanar da shi. Saƙonsa yana tafiya kamar kullum, ba ya komawa gare shi, sai dai maimakon ya sauka a gabanka, ya zarce akwatin saƙonnin banza, inda ake tara tallace-tallace da wasiƙun 'yan damfara. Abin da ya kwana 30 a can kuwa, manhajar da kanta take share shi. Shi yana ganin ka karanta ka yi banza da shi, kai kana ganin bai rubuto ba. Mutum yana hucewa, amma umarnin da ya bai wa na'ura yana nan daram har ranar da ya koma ya janye shi da hannunsa.

A ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum. Alhaji ya kira ƙanin sau ɗaya, ya ji lafiya, suka yi gajeriyar gaisuwa mai sanyi, kowa yana riƙe da nasa. A Disambar shekarar yaƙin ya iso Wad Madani, mutane suka watse. Daga nan lambar ta daina shiga. Alhaji ya rame. Ya tambayi 'yan kasuwa masu zuwa Chadi, ya tambayi ɗaliban da aka kwaso daga Sudan, ya sa aka yi saukar Alƙur'ani. Ba labari.

Watanni suka shuɗe. Wata rana wani mai saye daga Turkiyya ya kira yana ƙorafin ya aiko takardu sau da dama ba amsa. 'Yar Alhaji, wadda yake kira Ummi saboda sunan mahaifiyarsa gare ta, ita ce yanzu take kula masa da takardu. Ta buɗe kwamfuta, don cikakken jerin waɗanda aka toshe ya fi sauƙin gani a can, ta shiga saiti, ta nemo shafin tace saƙonni da adiresoshin da aka toshe. Jerin ya yi tsawo. Duk wanda ya taɓa ɓata wa Alhaji rai yana ciki: wani direban tirela, wani wakilin fiton kaya a Legas, Baturken nan da yaron shago ya ɗauka ɗan damfara ne, da tarin masu alkawarin gadon miliyoyi.

"Abba, in zaɓe su duka in buɗe?"

"Karanto mini su tukuna."

A nan Alhaji ya yi daidai. Share jerin gaba ɗaya abu ne mai sauƙi, amma cikinsu akwai waɗanda wurinsu ke nan, kamar masu turo takardar banki ta jabu suna neman lambar sirri. Ummi tana karantawa, yana cewa "bar wannan", "buɗe wancan". Can ta yi shiru.

"Mene ne?"

"Abba, adireshin Baffa ne."

Alhaji ya ce ba zai yiwu ba. Sai ya tuna buhun da yake zaune a kai, ya tuna wayar da ya miƙa. Ya yi salati, ya dafe kai.

Cire adireshi daga jerin ba ya dawo da tsofaffin saƙonni gabanka, sai ka bi su inda aka jefa su. Ummi ta buɗe akwatin saƙonnin banza, ta rubuta sunan Baffanta. Saƙo ɗaya ne kawai, kwanansa 26.

Ƙanin ya ce an ƙwace masa waya a hanya, lambobi duk sun tafi da ita, adireshin nan kaɗai ya rage masa a ka saboda sunan shagon mahaifinsu ne. Ya ce suna Gadarif a ɗakin aro, duk sanda ya sami intanet a wayar wani yakan rubuto. Ya ce ya faɗa a saƙon baya cewa uwar yaransa ta rasu a hanya, bai ji ta'aziyya ba, ya san laifinsa ne. "Yaya, ko ba ka yafe mini ba, ka dubi yaran nan."

Sauran saƙonnin, nawa ne, me suka ƙunsa, babu mai iya dawo da su. Ummi ta danna wurin da ake nuna cewa wannan ba saƙon banza ba ne, ya koma babban akwati.

Alhaji ya daɗe bai ce komai ba, hawaye na bin gemunsa, 'yan dako suna wucewa suna sunkuyar da kai. Da ya sami murya ya ce, "Rubuta. Ki fara da ta'aziyya. Ki ce masa ban ga ko ɗaya ba, ni na rufe ƙofa da hannuna na manta. Ki sa lambata, da taki, da ta Hajiya, da ta shago. Ki tambaye shi ta wace hanya kuɗi ke isa Gadarif yanzu, kuma yaran su nawa ne ke da fasfo."

Ummi ta rubuta, ta karanta masa, ya sa ta cire wata kalma da ya ga kamar tana da sauran zargi, sannan ta tura. Amsa ta zo bayan kwana biyu, da lambar wani maƙwabci da lokacin da za a same shi a kusa da wayar.